Jemage da Kunamar Ruwa: Wanda Muke Kora da Wadda Ke Ƙarewa Ba Mu Sani Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan wasu halittu biyu da ba kasafai ake ambatonsu wuri guda ba: jemagen nan babba mai launin kara da ke rataya a itatuwan garuruwanmu, da kunamar ruwa ta kogin Binuwai da kogin Kwara. Mai karatu zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne haihuwa. Dukansu biyu ba sa zuba ƙwai a waje, ɗa suke haifa da rai, kuma kaɗan suke haifa. Duk wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa kisan da muke yi musu ba irin kisan kaza ko tarwaɗa ba ne, don abin da aka ɗiba ba ya mayuwa da wuri.

Bari mu fara da fayyace waɗanda muke nufi, domin jemage iri-iri ne. Ba muna maganar ƙananan nan da ke shiga silin ɗin ajin makaranta da rufin masallaci suna cin sauro da ƙwari ba. Wanda muke nufi shi ne mai cin 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Eidolon helvum. Nauyinsa yakan kama daga giram 230 zuwa 350, in ya buɗe fukafukai kuma faɗinsu ya kai wajen santimita 75 zuwa 80. Fuskarsa kamar ta ɗan kwikwiyo, idanu manya, wuyansa ruwan ɗorawa, fukafukan baƙaƙe. Ita kuwa kunamar ruwa, duk da sunanta, kifi ce. Faifai ce shimfiɗaɗɗiya kamar marfin tukunya, faɗinta bai cika wuce santimita 40 ba, bayanta ruwan ƙasa mai santsi, cikinta fari, da doguwar wutsiya siririya kamar bulala. Wasu masana biyu Faransawa, Stauch da Blanc, su ne suka fara rubuta siffarta a 1962 daga wadda aka kama a Binuwai kusa da Garwa ta Kamaru, shi ya sa har yau sunan garin ke manne da sunanta na kimiyya, Fontitrygon garouaensis. Masunta dai sun san ta tun kafin a haifi kakannin waɗannan masana, kuma sunan da suka raɗa mata ya fi na littafi faɗin gaskiyar halinta.

In ka shimfiɗa su gefe da gefe za ka ce dukansu masu fukafukai ne, amma ginin ya bambanta tun daga tushe. Fiffiken jemage hannu ne. Akwai damtse, akwai gwiwar hannu, akwai yatsu biyar kamar namu, sai dai huɗu daga cikinsu sun miƙe sun yi tsawo, fata mai laushi ta haɗe su har zuwa ƙafa. Babban yatsa ya rage gajere da farce, da shi yake hawa reshe yana riƙe mangwaro, kuma wannan jinsin yana da ƙarin farce a yatsa na biyu, abin da ƙananan jemagu masu cin ƙwari ba su da shi. Fatar fiffiken cike take da jijiyoyin jini, tana warkewa da sauri in ta ɗan yage, amma in ƙashin yatsa ya karye to tashi ya ƙare. Kunamar ruwa kuwa babu ƙashi ko ɗaya a jikinta, guringuntsi ne duka, kamar 'yan uwanta kifayen shak na teku. Abin da ake gani kamar fiffike, filafilan gefen kifi ne suka faɗaɗa suka manne da kai har suka zama faifai. Ba ta kaɗa su sama da ƙasa yadda jemage ke yi. Gefen faifan ne ke yin igiya-igiya daga gaba zuwa baya, kamar an girgiza bakin tabarma, sai ta zame a kan yashi ba tare da ta tayar da ruwa ba.

Ratayar jemage da kai ƙasa ba wahala ba ce gare shi. Akwai wata jijiya a ƙafarsa wadda nauyin jikinsa ke ja ta kulle faratan a kan reshe, ba ya kashe ƙarfi ko kaɗan wajen riƙo, shi ya sa akan tarar da mataccen jemage yana nan rataye. Sakin reshen ne ke buƙatar ƙoƙari. Ita ma kunamar ruwa tana da dabarar kwanciyarta. Bakinta da ƙofofin numfashinta guda goma, biyar dama biyar hagu, duk a ƙarƙashi suke. Da ta baki take jan ruwa in ta kwanta da yashi za ta sha. Sai Allah Ya yi mata ramuka biyu a sama, bayan idanu, ta nan take zuƙo ruwa mai tsabta ta fitar ta ƙasa. Don haka tana iya binne kanta cikin yashi sai idanu da ramukan nan kawai a waje. Wannan ɓuya ce ke jawo harbi, za mu dawo kanta.

Akwai kuskure biyu da ya kamata a gyara game da jemage. Na farko, cewa makaho ne mai tafiya da amsa-kuwwa. Wannan siffar ƙananan jemagu ce, su ma ba makafi ba ne. Shi wannan babban ba ya amfani da amsa-kuwwa sam, da ido da hanci yake aiki, kuma ganinsa cikin duhu ya fi na mutum nesa ba kusa ba. Na biyu, zancen nan na cewa jemage ta baki yake kashi. Wanda ya fara faɗin haka ya lura da wani abu na gaskiya, fassarar ce ta kauce. Jemage yakan tauna ɗan itace, ya matse shi da harshe a kan dasashi, ya haɗiye ruwan da ƙananan ƙwayoyin iri, sa'annan ya tofar da tuƙar. Wannan tuƙa ce ake gani a gindin darbejiya da safe. Kashi kuwa ta inda kowace dabba ke yi yake yinsa, kuma in zai yi sai ya juyo ya rataya da manyan yatsunsa, ƙafafu ƙasa, don kada ya ɓata jikinsa.

Kunamar ruwa ba ta ganin abin da take ci, tunda ido yana sama baki yana ƙasa. A fatar kewayen bakinta akwai ƙananan ƙofofi masu cike da wani abu kamar kitse mai yauƙi, da su take jin ɗan lantarkin da jikin kowane mai rai ke fitarwa in ya motsa. Kada a haɗa ta da minjirya: minjirya jan mutum take yi da lantarkin da take samarwa, wannan kuwa saurare kawai take yi. Abincinta galibi tsutsotsin ƙwarin ruwa ne da ke zaune cikin yashi da laka kafin su yi fiffike su tashi. Wannan ya sa duk abin da ya kashe ƙwarin gindin kogi ya kashe ta da yunwa ko da bai taɓa jikinta ba. Masu zuba gamalin ko maganin feshin gona a ruwa don kifi ya taso, su san ba kifin da suka kwasa kawai suka kashe ba.

Yanzu ga inda maganar take, wato haihuwa. Macen jemage ɗa ɗaya take haifa a shekara. Barbara takan auku tsakanin Afrilu da Yuni, amma cikin ba ya fara girma nan take. Yakan tsaya cik har wajen Oktoba kafin ya kama mahaifa, sa'annan a haihu wajen Fabrairu zuwa Maris ko bayan haka kaɗan, gwargwadon wuri, daidai lokacin da abinci ke shirin yalwata. Wato kusan wata tara ke nan daga barbara zuwa haihuwa, don ɗa ɗaya tal. Uwar na shayar da shi nono, tana tashi da shi manne a ƙirjinta har sai ya yi nauyi. A yi lissafi mai sauƙi: garke mai mata dubu ba zai ba da 'ya'ya fiye da dubu a shekara ba, rabinsu maza, kuma ba duka ke kai shekara ba. In maharbi ya harbe uwa a watan Maris, rai biyu ya ɗauke. A gwada wannan da karfasa da ke zuba ɗaruruwan ƙwai sau da dama a shekara, ko tarwaɗa mai zuba dubban ƙwai a zama guda.

Kunamar ruwa tana cikin kogi tare da karfasa da tarwaɗa, amma a wajen haihuwa ta fi kusa da jemage. Namijin yana da wasu gaɓoɓi biyu kamar yatsu a gindin wutsiya, da su yake barbara, kuma da su ake bambanta shi da mace a kallo ɗaya. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa a cikin uwa. Ɗan ya fara rayuwa da gwaiduwa, in ta ƙare sai bangon mahaifa ya riƙa fitar da wani ruwa mai maiƙo kamar madara yana sha, har a haife shi cikakke, faifai ƙarami da wutsiyarsa da ƙayarsa. Dangin nan nata 'ya'yan da suke haifa a ciki guda ba sa wuce a ƙirga da yatsun hannu. Kuma akwai wata matsala da masunta da yawa sun gani ba su san ma'anarta ba: mace mai ciki in ta shiga koma ta firgita, takan zubar da 'ya'yan a cikin jirgi ko a bakin gaɓa. Ba haihuwa ba ce, ɓari ne, kuma yawancinsu ba sa rayuwa ko an mayar da su ruwa.

To in haihuwarsu ɗaya ce a ƙaranci, me ya sa jemage ke cika sama da magariba ita kuwa sai an yi sa'a a ga guda? Amsar ita ce ɗaya yana da wurin gudu, ɗaya ba ta da shi. Jemagen nan yana ko'ina a Afirka kudu da Sahara. A gandun Kasanka na ƙasar Zambiya, tsakanin Oktoba da Disamba, miliyoyinsu ke taruwa a wani ɗan kurmi da bai fi 'yan kadada ba, har ana ƙiyasta sukan kai miliyan goma. Cikin waɗanda aka ɗaura wa na'urar bin sawu a can an samu wanda ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,000. A nan yammacin Afirka garkunan kurmi, irin na bakin asibitin sojoji na 37 a Akara da na Ile-Ife, sukan cika da rani, in damina ta kama kuma da yawansu su yi arewa su bi ruwan sama da nunar 'ya'yan itace har cikin ƙasashenmu na sabana. Shi ya sa mutumin arewa kan ga sun yi yawa da damina sa'annan su ragu. Ba mutuwa suka yi ba, ci-rani ne irin nasu, sai dai su damina suke ci. Ko a dare guda ma, jemagun Akara da aka bi sawunsu da rani an samu wanda ya yi nisan kusan kilomita 88 daga makwancinsa don neman abinci.

Kunamar ruwa duniyarta ita ce gindin yashin Binuwai da Kwara da 'yan wasu ruwaye na kudancin Najeriya da Kamaru. Ba ta da fiffiken tsallake madatsa. An gama madatsar Kainji a 1968, an gama ta Lagdo a saman Garwa a 1982, sai ta Jebba ta biyo baya. Madatsa tana raba kogi gida-gida, tana tare yashin da ke gangarowa, tana sauya lokacin cikar ruwa da janyewarsa. A ƙara da masu haƙar yashi da ke kwashe ainihin shimfiɗar da take kwanciya, da fari da ya sha rage ruwan Binuwai, da yawan komar da ake ja a ƙasa. Sakamakon shi ne, kifin da a da aka san shi da yawa a wajen Garwa, ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sa shi a 2021 cikin rukunin waɗanda ke gab da ƙarewa, matakin da daga shi sai ɓacewa. Jemagen kuwa tana lissafa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari. Kada wannan ya sa a saki jiki da shi. Wani bincike na 2011 a kudancin Gana ya ƙiyasta ana sayar da aƙalla 128,000 a shekara don nama. Dabba mai ɗa ɗaya a shekara ba ta jure irin wannan ɗiba har abada, kuma taruwarsu wuri guda tana ruɗin ido: in garkuna uku suka rasa itatuwansu suka haɗe a unguwa ɗaya, mutanen unguwar cewa za su yi jemagu sun ƙaru. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A ra'ayinmu, tsakanin su biyun jemage ne aka fi zalunta da baki, domin shi aikin da yake yi mana a bayyane yake ga mai son gani. Furen kuka da dare yake buɗewa, fari, mai wari, yana reto a doguwar igiya, an yi shi ne daidai baƙin dare masu fiffike. Haka tutun ɗorawa, haka furen rimi. Jemagu masu cin 'ya'yan itace, har da wannan, suna lasar zaƙin furen su kwashi garinsa a gashin fuska su kai wata bishiya. Mai son kalwa a miya da mai son kwalba da nono duk suna cin moriyar wannan zirga-zirga. Sai kuma shuka. Ƙananan ƙwayoyin ɓaure da cediya da durumi da loko suna bi ta cikinsa su fita yana cikin tafiya, kuma binciken da aka yi a Gana ya nuna yana iya kai iri nisan kilomita 75. Tsuntsaye kaɗan ne ke yin haka, kuma yawancinsu ba sa yarda su ratsa fili fetal inda aka sare daji. Shi yana ratsawa.

Ba mu ce ba ya ɓarna ba. Yana cin mangwaro da gwaba da gwanda da dabino, garkensa yana karya rassa da nauyi, ga hayaniya ga wari ga kashi a kan mota da shanya. Amma yawancin dabarun da ake bi ba sa aiki. Sare bishiyar makwanci tura su gidan maƙwabci ne kawai, an rasa inuwa ba a rasa jemage ba. Guba a cikin ɗan itace tana iya ƙarewa a bakin yaro ko akuya. Abin da ke aiki shi ne a cire mangwaro da gwanda da zarar sun ƙosa kafin su yi laushi su fara ƙamshi, domin hanci ke kawo shi. Itatuwa ƙanana a lulluɓe su da raga mai ƙananan idanu, wadda ɗan yatsa ba zai shige ba, fara don ya gan ta da dare, a ɗaure ta tamau a gindi kada ta yi lako-lako. Tsohuwar komar kifi mai siririn zare ita ce mafi muni: tana sarƙe fiffike, jemagen ya kwana yana fama, da safe mai lambu ya zo cirewa da hannu ya sha cizo. In kuma rassa ne ake son ragewa a makaranta ko asibiti, a bari sai lokacin da garken ya yi ƙaura, kada a yi a watannin goyo.

Maganar cizo ta kawo mu ga lafiya, kuma nan ne kwatancin ya fi amfani, don cizon jemage da harbin kunamar ruwa maganinsu na farko ruwa ne, amma ba iri ɗaya ba. Jemage ba shi da dafi, abin tsoro a wurinsa ƙwayar cuta ce. A jikin wannan jinsin aka fara gano wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare a tsibirin Legas a 1956, kuma an sami alamun wasu ƙwayoyin a jininsa a Gana. Wanda ke tafiya ƙarƙashin bishiyarsu ba ya cikin wani haɗari na a zo a gani. Haɗarin yana ga mai kamawa da mai fiɗa da yaron da ya tsinci wanda ya faɗo. Jemagen da ke ƙasa da rana tsaka ko dai rauni gare shi ko ciwo, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a kife shi da kwali ko a ɗauke da shebur. In ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. A shafa aidin ko barasar asibiti, sa'annan a tafi asibiti a ranar a faɗa musu jemage ne, su duba batun allurar haukan kare da ta sandarewar wuya, wato tetanus. Kada a jira a ga alama. Wannan dangin cuta in alamarta ta bayyana an makara. Ɗan itacen da aka ga gurbin haƙori a jikinsa kuma a bar wa ƙasa.

Kunamar ruwa dafi gare ta na gaske. A saman wutsiyarta akwai ƙaya mai kama da kan mashi, gefe biyu da haƙora kamar zarto masu kallon baya, shi ya sa take shiga da sauƙi ta fito da yaga. Dafin ba a cikin jaka yake ba kamar na kunamar tudu. Yana cikin wata fata da ke lulluɓe da ƙayar, wadda ke yagewa ta zauna cikin raunin. Ba ta farautar mutum, ba ta ma amfani da ƙayar wajen neman abinci. Sai an taka ta, ta ji an danne faifan, wutsiyar ta yi sama ta soki idon sawu ko ƙwauri. Don haka mai ratsa ruwa a kan yashi, musamman da rani in kogi ya janye, ya riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa da saukewa. In yatsa ya taɓa gefenta guduwa za ta yi. Mutuwa daga irin wannan harbi ba ta da yawa, sai in ƙayar ta sami ƙirji ko ciki, kamar yadda wata babbar 'yar uwarta ta teku ta yi wa Steve Irwin, mai shirin dabbobi na ƙasar Ostareliya, a 2006.

In an yi harbin, a fitar da mutum daga ruwa, a danne wurin da tsumma mai tsabta in jini na zuba, a ɗauraye da ruwa mai kyau. Sa'annan a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi, kimanin digiri 40 zuwa 45, wato zafin da lafiyayyen hannu zai iya jurewa ba tare da ƙuna ba, na tsawon minti 30 zuwa 90, ana ƙara wani in ya huce. Zafi yana kwantar da raɗaɗin wannan dafi sosai. Amma mai jinya ne zai gwada ruwan da hannunsa, ba wanda aka harba ba, domin azabar da yake ciki ba za ta bar shi ya gane ruwan ya yi zafi da yawa ba, har ya ƙone bai sani ba. Kada a ɗaure ƙafa da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a zuba fetur ko toka ko ƙasa. In guntun ƙaya yana sama-sama ana ganinsa a cire, in ya nutse, ko yana wuya ko ƙirji ko ciki, a bar shi yadda yake a garzaya asibiti. Ko raɗaɗin ya lafa sai an je, don abin da ke lalata ƙafa ba dafin ranar farko kaɗai ba ne, har da guntun fata da ƙayar da suka rage da ƙwayoyin cutar ruwan kogi. Su ke sa naman wurin ya mutu ya zama gyambon da ke ɗaukar watanni. Likita zai wanke ciki, ya duba ko akwai saura, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta da allurar sandarewar wuya, kuma galibi ba a ɗinke irin wannan rauni ruf. Wannan dabara ta ruwan zafi tana yi wa sukar ƙurungu ma, wadda masunta suka fi gamuwa da ita kullum.

Roƙonmu ga 'yan uwa masunta da sarakunan ruwa daga Garwa zuwa Yola, Ibi, Makurɗi da Lakwaja shi ne a riƙa sakin wadda ta shigo koma ko ta kama mamari da ranta. Ba kifin kasuwa ba ce ta kirki, namanta kaɗan ne, kuma kamar sauran danginta jininta na riƙe da sinadarin fitsari, shi ya sa take saurin yin zarni in ta jima a rana. Yadda za a yi: a jefa jiƙaƙƙen buhu a kan wutsiyar a danne, a bar ta cikin ruwa in zai yiwu, a warware komar daga gaba. Kada a ɗaga ta da wutsiya, kada a cusa yatsu a ramukan bayan idonta, nan ne hancin numfashinta. In ƙugiya ta yi nisa a yanke zaren kusa da baki maimakon a yi ta tono. Sare wutsiya kafin a sake ta ba taimako ba ne, ƙaya takan sake tsirowa in ta faɗi amma wutsiya ba ta tsirowa. A kuma lura, ƙayar matacciya ma tana suka, kada a bar ta a ƙasan jirgi inda ake taka ƙafa.

Wanda ke da waya a hannu ya ƙara da abu ɗaya kafin ya sake ta: hoto ta sama, hoto ta ƙasa in ta juyu da sauƙi, a ajiye wani abu da aka san girmansa a gefe, ko takalmi ko filafili, a riƙe sunan wurin da ranar, a duba ko akwai yatsun nan biyu na namiji. A kai wa jami'in kula da kamun kifi na yankin, ko a aika wa cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa. In aka ga mai faɗin da ya wuce kamu biyu sosai, bayanta kuma da ƙayoyi kamar kaushi, wannan wata ce daban, babbar 'yar uwarta da ta fi zama a ruwayen kudu, ita ma tana cikin rukunin masu gab da ƙarewa, kuma labarinta ya cancanci a kai.

Mun gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman nazarin dabbobi da kifaye,
Yola.